Goron Mama Hansatu a Taron Jakadu

A hawa na huɗu na ma'aikatarmu, in ka ce Hansatu kake nema, sai an yi ta kallon-kallo. Amma ka ce Maman Shayi, ko mai gadin ƙofa zai nuna maka lungunta. Shekara ashirin da huɗu ke nan tana haɗa wa manya shayi a wani ɗan ɗaki da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, ga butar lantarki, ga filas shida, ga kofunan da ba ta yarda kowa ya wanke sai ita. Daraktoci tara sun zo sun tafi a gabanta. Ta san wanda likita ya hana wa sukari amma yake satar sha, ta san wanda in ransa ya ɓaci ba ya son ganin madara.

Ni ce Sumayyah, aikina rubuta abin da aka tattauna a taro. Ba zan kama sunan ma'aikatar ba, haka ma ƙasar da zan yi magana a kanta, domin ni ma'aikaciyar gwamnati ce kuma ina son aikina. Sai dai gaskiya ɗaya ce, Mama kan riga ni sanin yadda taro ya ƙare, alhali ni ce a ciki. Kofuna take dubawa. In sun dawo wayam, an daidaita. In sun dawo da shayi ya huce a ciki, sai ta girgiza kai ta ce, "Yau an yi faɗa da Turanci." Ba ta cika kuskure ba.

Fayil ɗinta na aiki ya ce a Jiwa aka haife ta. A Jiwa ta girma dai, a can ta yi aure, a can aka binne mijinta, a can ta aurar da 'ya'yanta uku, kuma daga can take shiga motar haya kullum kafin rana ta fito. Amma wata rana da ruwan sama ya tsare mu bayan an tashi aiki, ta tura ƙofa, ta zuba mini shayin da ban roƙa ba, ta gaya mini abin da fayil bai sani ba. A wani gari na bakin kogi aka haife ta, a ƙasar maƙwabta. Tana shekara tara mahaifiyarsu ta rasu, wani kawunsu falken goro ya ɗauko ta ya kawo ta nan, ya sa ta cikin 'ya'yansa, ya yi mata takardu iri ɗaya da nasu. Yayanta Abdulmajeed, wanda a lokacin saurayi ne, shi aka bari can. Shekara arba'in da takwas ba su sake haɗuwa ba. Yanzu ya haura saba'in, idanunsa sun tafi, sai dai saƙon murya da yake aiko mata ta wayar wani maƙwabcinsa, kuma duk saƙon da ya zo muryar ta fi ta baya rauni.

Na ce, "Mama, me ya hana ki zuwa? Ai ga ofishin jakadancinsu nan cikin gari."

Ta ce sau biyu tana zuwa. Ta karɓi fom ɗin biza, aka karanta mata, aka zo layin da ake tambayar inda aka haifi mutum, ta naɗe takardar ta komo gida. In ta rubuta gaskiya, tana tsoron labari ya kai ofis a ce fayil ɗinta na ƙarya ne a kore ta. In ta rubuta Jiwa, ta yi ƙarya da hannunta.

"Ta farko ba ni na yi ba, Kawu ne, Allah ya jiƙansa," in ji ta. "Ta biyu kuwa, ni za a tambaya."

Hanyar daji da wasu ke bi ba ta gwiwoyinta ba ce. Haka ta zauna, tana haɗa wa jakadun duniya shayi, ita kuwa gidan ubanta ya gagare ta.

Sai ga labari ya faɗo mana bana. Ƙasar maƙwabtan ta nemi shiga ƙungiyar ƙasashen yankinmu, ƙasarmu kuma ta ce tana goyon baya, har za ta yi mata ja-gaba. Aka ɗora wa sashenmu shirya taron jakadun ƙasashen ƙungiyar don a lallashe su. Darakta Umar Farouk, ogan sashen, ya daina barci, mu ma ya hana mu.

Thaddeus ne ya kunna wa Mama wutar, bai sani ba. Shi ne jami'in tsara baƙi, wanda ke sanin wa zai zauna kusa da wa, mutumin da in kujera ta karkace da faɗin yatsa sai kansa ya yi ciwo. Ya shigo ɗakin shayi neman ruwan zafi, Mama ta tambaye shi wai mece ce ribar shiga ƙungiyar nan da ake ta gudu a kanta.

"Mama, in sun shiga, shi ke nan, free movement," in ji shi da Hausarsa ta Abuja. "Ba biza, ba fom. Ka ɗauki kati naka kawai ka wuce boda."

"Ba fom?"

"Ba fom, Mama."

"Ba mai tambayar ka inda aka haife ka?"

"Wa zai tambaya? Ka nuna kati, ka wuce."

Ni ina wajen. Na ga matar nan mai shekara hamsin da bakwai, wadda ke hawa bene tana kiran sunan Allah a kowace matakala, ta ɗaga tire sama ta juya sau biyu a cikin ɗakin da ko kaza ba za ta juya a ciki ba. Thaddeus ya ja da baya yana kare rigarsa.

Daga ranar shayin hawa na huɗu ya lalace, ta hanya mai daɗi. Madara har da ta banza. Masinja ya samu biskit, mai shara ta samu biskit, har mutumin sashen binciken kuɗi da ba mai gaishe shi ya samu biyu. Wani darakta da ke fama da ciwon sukari ya kurɓi shayinsa ya lumshe ido, ya ce rabon da ya ji daɗin duniya irin haka tun kafin ya san likita. Mama na tafe a baranda tana waƙa ƙasa-ƙasa, tana gaida kowa da "Mun kusa." Ba wanda ya san abin da muka kusa sai ni.

Saura kwana uku taro ta tare ni a bakin matakala.

"'Yar nan, zo ki fahimtar da ni. Su mutanen can su ke nema, ko?"

"Su ne, Mama."

"Mu kuma mu ne iyayen da za su shige musu gaba."

"Kusan haka ne."

"To me za ku kai?"

Na ce akwai jawabin Darakta, akwai takarda mai shafi talatin da aka fassara harshe uku, akwai taswira mai launi.

Ta dube ni kamar na ce za mu je ta'aziyya da kalangu. "Takarda? Za ku je neman alfarma wajen manyan mutane hannu rabbana? Ba goro?"

Na yi mata bayani cewa harkar jakadanci ba haka take ba. Ta ce harkar mutane dai ɗaya ce, ko da kwat ko da babbar riga. Ita da ta tashi a gidan falken goro, ta ga an nemi aure da goro, an sasanta rikicin gona da goro, an roƙi yafiya da goro. Mutum in ya miƙa hannu ya karɓa ya ɓare ya ci, magana ta ƙare, don kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba mamaki, in ji ta, da kullum kofuna ke dawo mata da shayi a ciki.

A nan zan faɗi laifina. Na san za ta yi wani abu, kuma kalma ɗaya ga Thaddeus ta isa ta hana. Ban faɗa ba. Wani ɓangare tausayi ne, wani ɓangaren kuma, Allah ya yafe mini, so nake in gani.

Ranar Asabar ta tafi kasuwar Gudu ta zaunar da mai goro awa guda. Ƙwarya ɗaya ta saya, farin goro, tana ɗaga kowane ɗaya tana juyawa, mai tabo ta mayar, mai alamar tsutsa ta mayar, har mutumin ya tambaye ta ko ɗan gwamna ne zai yi aure. Ta ce ya fi haka. Ta haɗa da alawa, ta naɗe goron a ganye ta yayyafa masa ruwa, ta kwana biyu tana leƙa shi kamar jariri.

Ranar Litinin ɗakin taro ya cika. Jakadu sun jeru a dogon tebur, kowa da 'yar tutarsa da makirufo a gabansa da abin saurare a kunne, masu fassara na can cikin ɗakinsu na gilashi. Jakadan ƙasar da ke nema yana gefe a kujerar baƙo, wani dogon dattijo mai ƙaramar hula, ba ya ko motsi. Darakta ya yi jawabinsa, ya yi kyau. Sai wani jakada mai furfura a gira, wanda tun kafin taron kowa ya san shi ne ƙashin bayan masu adawa, ya karɓi magana ya yi minti arba'in yana jero dalilan da suka sa bai kamata a yi gaggawa ba. Na rubuta har yatsana ya ƙage.

Aka ce a kawo shayi. A takardar Thaddeus an rubuta shayi, biskit, samosa. Ƙofa ta buɗe, sai ga Mama cikin atamfar da ban taɓa gani ba, ɗaurin kallabi ya tashi sama, tana riƙe da babbar tasa an rufe da faifai.

A ƙa'idar Thaddeus, ana raba komai ne bisa jerin sunayen ƙasashe. Mama ba ta san wannan ba, ko ta sani ba ruwanta. Ta tsaya ta ƙare wa teburin kallo, ta gano wanda ya fi kowa tsufa, ta nufe shi, ta ɗan rusuna, ta ɗaga faifai. Daga shi sai mai bi masa a shekaru, ko da yana can ɗaya ƙarshen. Haka ta yi ta saƙa tana warwara a ɗakin. Na hango Thaddeus a jikin bango yana buɗe baki yana rufewa, gumi na bin wuyan rigarsa duk da sanyin na'ura. Darakta kuwa ya sunkuyar da kai yana karanta takardar da ya riga ya haddace.

Jakadu mutane ne masu ladabi, abin da aka miƙa musu karɓa suke yi. Wasu sun san goro tun a gida, suka ɓare suna murmushi. Wata jakadiya ta ɗauki biyu ta jefa ɗaya a jaka. Mama na bi tana kallon bakin kowa, sai ta ga ya tauna sannan ta matsa.

Ta bar mai furfurar gira a ƙarshe, ko da yake ba shi ne ƙarami ba. Ya ɗaga hannu alamar ya gode. Mama ba ta gusa ba. Ya sake ɗaga hannu. Ta ƙara rusunawa, gwiwoyin nan da na san ciwonsu har suna ƙara, ta zaɓo goro mafi girma ta ɗora a tafin hannu biyu ta miƙa. Kowa a ɗakin ya zuba musu ido. Mutumin ya duba hagu ya duba dama, ya ga ba mafita, ya karɓa. Mama ta ci gaba da tsayuwa. Ya ɓare, ya gatsa, ɗaci ya kama shi ya yamutsa fuska, amma ya tauna.

A lissafin Mama, an gama. Kowa ya karɓa, kowa ya ci, an ba mu. Ta taka zuwa bakin ƙofa, ta ajiye tasar a kan teburin takardu, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa.

Ban taɓa jin irinta ba. Ta tashi sama siririya, ta yanke, ta sake tashi, ta yanke, ta uku ta sauko ƙasa-ƙasa tana karkarwa. Makirufo duk a buɗe suke, saboda haka guɗar ta bi waya ta shiga kunnen kowane jakada kai tsaye. Wani ya fizge abin saurarensa. Wata mai fassara ta miƙe tsaye a cikin gilashi. 'Yan sanda biyu suka faɗo ɗakin suna waige-waige. Sai jakadiyar nan mai goro a jaka ta fashe da dariya, ɗaki ya ɗauka, har mai furfurar gira ya yi dariyar da ta sa ya ƙware, aka yi ta bubbuga masa baya. Ni kam na kifa kai a kan littafina, kafaɗuna na rawa. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, jakadan ƙasar da ke nema. Ya bi Mama da ido har ta fita.

Bayan awa biyu aka tashi. An amince a kafa kwamiti ya duba buƙatar, ya kawo rahoto nan da wata goma sha takwas. A wajen Darakta wannan nasara ce, don da safe ko kwamitin ba a sa ran samu ba.

Na sami Mama a ɗakinta tana jera kofuna, duk sun dawo wayam, tana nuna mini su ɗaya bayan ɗaya.

"Yaushe za a buɗe? Wannan satin ko na sama?"

Na gaya mata. Sai da na maimaita.

"Amma sun ci goron," ta ce.

"Sun ci, Mama."

"Har mai taurin kan."

"Har shi."

Ta zauna a kan kujerar roba, ta lissafa da yatsu. Damina biyu, kuma rahoto ne kawai. Ba ta yi kuka ba, ta dai ce, "Yaya ba shi da damina biyu." Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, domin ni na san yadda harkar nan take tun farko, na bar ta tana rawa da tire.

Muna cikin haka Thaddeus ya leƙo. "Mama, Oga yana kira. Ka zo yanzu-yanzu. Sumayyah, kai ma." Ya rage murya. "An ce in shirya query, takardar tuhuma."

Muka shiga ofishin Darakta, Mama na gyara kallabi. Ashe ba shi kaɗai ba ne. Dogon jakadan nan na zaune, goronsa na hannunsa bai ƙarasa ba. Bai jira Darakta ba, ya yi magana da Hausa, irin ta can, mai nauyi a harshe.

"Inna, sannu da aiki. Guɗar nan mai hawa uku, a ina kika koye ta?"

Mama ta saci kallon Darakta.

"Na zaga ƙasashe," in ji shi, "ban taɓa jin ta ba sai a gari ɗaya." Ya kira sunan wani gari na bakin kogi. "Kakata 'yar can ce. Da ita aka yi mini guɗa ranar da na sauke Alƙur'ani."

Fayil ɗin Mama na kan teburin Darakta, a buɗe, na hango hotonta na ƙuruciya a maƙale. Ta dubi fayil ɗin, ta dube ni, ta dubi Oga. Na so in yi mata ido ta ce a wajen maƙwabta ta koya, amma na san ba za ta ce ba.

"Ranka ya daɗe, a can aka haife ni," ta ce. "A bakin mahaifiyata na koya."

Ta faɗi sauran a taƙaice, da Kawu, da takardun, da Yaya Abdulmajeed da idanunsa, da fom ɗin da ta naɗe sau biyu. Da ta gama ta juya wajen Darakta ta ce in korar ce, a bari ta wanke kofunan yau tukuna.

Darakta Umar Farouk mutum ne mai son ƙa'ida, har alƙalaminsa yana da wurin kwana. Ya daɗe yana kallon silin. Sannan ya rufe fayil ɗin, ya sa ɗan yatsa a kunne ya girgiza.

"Wallahi tun guɗar ɗazu kunnuwana suka toshe," ya ce. "Ban ji komai ba. Sumayyah, ke kin rubuta wani abu?"

"Alƙalamina ya ƙare, Oga."

"To. Thaddeus ya bar maganar query. Amma Mama, don girman Allah, nan gaba biskit."

Jakadan ya ce ta zo ofishinsa da safe ta ce shi take nema, su cike fom ɗin tare, ta rubuta gaskiya, kuma takardar ba za ta bar ɗakinsa ba. Kwana uku aka buga mata biza. Darakta ya sa hannu a hutun sati uku. Kwamiti kuwa, a iya sanina, yana nan yana zama.

Sati ukun nan mun sha wahala. Shayin da muka haɗa wa kanmu ko maƙiyi ba a ba shi ba. Ranar da ta dawo na ruga ɗakinta tun kafin in ajiye jaka. Ta rame, ta yi baƙi, amma fuskarta a sake. Ta tura ƙofa.

"Na same shi a zaure, a kan tabarma," ta ce. "Tun daga Abuja nake shirya abin da zan ce masa. Na yi sallama, ya amsa, ya ce wace ce. Na ce Hansatu ce. Na zaci ma bai ji ba. Sai ya ce, to ina wutar?"

"Wace wuta, Mama?"

"Ni ma abin da na ce ke nan. Ashe ranar da Kawu ya tafi da ni, Yaya ya karyo masara biyu a gona, ya aike ni gidan maƙwabta in ɗebo garwashi mu gasa. A hanya Kawu ya kama hannuna, wai mota ba ta jira. Ni na manta sarai. Shi ya ce ya zauna da masarar a hannu har la'asar, yana cewa yarinyar nan ta tsaya wasa."

Ta goge ido da bakin mayafi, tana dariya.

"Sai na ajiye jakata, na nemi kasko, na shiga gidan maƙwabtan, jikokinsu ne a ciki yanzu, na ce a sam mini wuta. Aka samo masara, na gasa mana a nan zauren. Haƙoransa biyu suka rage, 'yar nan. Sai da na murje masa ita a tafin hannu, ina ba shi ƙwaya-ƙwaya."